KWALBAR KHAIRIYYA

Shafi na 19

Jama'a na ga saƙonninku, har da na masu fushi. Kwana uku na yi shiru saboda wannan shafin sau biyu ina rubutawa ina gogewa. Ke kuma da kika ce in kashe Alhaji kowa ya huta, Allah ya shirye ki, baban mutane ne fa.

Sababbin shigowa, ga inda muke a taƙaice. Zangon Wagadugu, bazarar 2008. Khairiyya 'yar Alhaji Abdulganiyu mai turare ce, tana bincike a jami'a kan man ɗoɗɗoya. Mahaifiyarta Hajiya Zalissa na fama da ciwon daji a mama, kuma an sha wuya kafin a samo mata ranar aiki a asibiti: Alhamis da safe. Aikin makaranta ya kai Khairiyya garin Bobo sati uku. Yau Laraba ta dawo don ta kai uwarta asibitin.

*

Tun daga bakin lungu ta hango takalma.

Ba biyu ba, ba uku ba. Silifas ne birjik a ƙofar gidansu. A Zango takalma ba sa taruwa haka sai an haihu ko an mutu, gidansu kuwa babu mai ciki.

Ta yar da jakarta ta afka zaure.

Mata ne zaune a tabarma, sun kai goma sha biyu, suna fifita da gefen mayafi. Babu mai kuka. Kowacce na riƙe da 'yar kwalbar turare wankakkiya.

"Ga ta nan! Ga doktoron da kanta!"

Wata dattijuwa ta cafke hannunta da hannu biyu.

"Ne y waoongo, 'yata, sannu da zuwa. Fatu sunana, daga Dapoya na tako. Ƙanwata ce kwance, irin ciwon mamanki. Allah ya yi miki albarka."

"Mma fa? Ina Mma?"

"Tana ciki, an ce sauƙi sai ƙaruwa yake. Ai maganinki ba ƙarya."

"Wane magani?"

Matan suka sa dariya, wai kunya take ji.

Khairiyya ba ta yi dariya ba. Ta zare hannunta ta shige tsakar gida.

A gindin mangwaro ta tarar da Gwaggo Ladidi, ƙanwar babanta, zaune a kujerar tsugunno. Gabanta bido ne, wato jarka, na lita ashirin, da ɗan mazurarin da Alhaji ke ɗura turare da shi a shago. Ɗure take yi abinta tana jerawa a tire.

Kusa da ƙafarta kuma wata kwalba ce mai shuɗin murfi.

Khairiyya ta san kwalbar. Rubutun hannunta ne a jiki.

"A'a, 'yar Bobo! Saukar yaushe? Zo ki ga aikin hannunki, tun safe ban miƙe ba."

Khairiyya ta wuce rumfa inda firigon gas ɗin Mma yake, wanda take sanyaya zoom-koom, ruwan geron nan, na sayarwa a ciki. Nan ta ɓoye kwalabenta ranar da za ta tafi, saboda ɗauke wutar bana ya kashe firigon labo, ɗakin gwajinsu na jami'a. Bakwai ta jera a bayan robobi, ta kuma ja kunnen kowa a gidan kada a taɓa.

Ta buɗe. Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa da yatsa.

Shida.

"Assalamu alaikum!"

Alhaji Abdulganiyu ne ya dawo daga la'asar, farar shadda sai sheƙi, carbi na lilo a hannu. Wannan shi ne mutumin da duk Zango ke tsoron hancinsa. In ya ce turarenka haɗi ne, sai dai ka naɗe kayanka ka koma Kano. Ba mai yawan fara'a ba ne, amma yau bakinsa har kunne.

"Khairi! Kin ga ƙofar gidanmu? Masu ce min na ɓata kuɗina a bokon 'ya mace, yau matansu ne zaune a zaurena."

"Baba, mu shiga daga ciki."

"Faɗi a nan, ai babu baƙo."

"Don Allah Baba. Daga ciki."

Ta sunkuya ta ɗauke kwalbar daga gefen ƙafar Gwaggo.

*

Tana ɗaga labulen ɗakin Mma hayaƙi ya doke ta.

Kasko biyu ne, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙarƙashin gado, kowanne an labta masa turaren wuta. Taga a rufe. A zafin nan na Afrilu da ko kaza sai ta buɗe baki.

Mma na kwance ta ba ƙofa baya, ta rufa da zane har wuya. Da ta juyo sai da Khairiyya ta dafa bango. Sati uku kacal, amma wuyan nan ya zama kamar na wata.

"Kin dawo, Khairi."

"Mma, wannan hayaƙin fa?"

"Sauro."

Sauro da la'asar, a tsakiyar bazara. Khairiyya ta ji maganar, amma hankalinta na kan kwalba, sai ta bar ta ta wuce.

Alhaji ya shigo ya zauna a bakin gado. Gwaggo Ladidi ta biyo su ta tsaya a ƙofa, don ita ba a yin magana a gidan nan babu ita.

"Baba, wa ya ɗauki wannan daga firigo?"

"Ni."

"Na ce kada a taɓa."

"Kin ce. Yara kike faɗa wa. Ni ubanki ne."

"Me ka yi da ita?"

"Abin da ya kamata ki yi tun farko. Uwarki na ba. Cokali da safe, cokali da yamma."

Khairiyya ta runtse ido.

"Baba, ba magani ba ne."

"To mene ne? Lemo?"

"Gwaji ne. Ekisperiyans. Ban gama ba, ban ma yi rabi ba."

Alhaji ya gyara zama, irin zaman da yake yi in zai koya wa sabon ɗan kasuwa hankali.

"Khairi, shekara talatin ina sayar da mai. Na Kano, na Dubai, na Indiya. Duk wanda kika zuba a ruwa zai taso ya kwanta a sama yana kallonki. Haka Allah ya yi shi. Ke kika sa mai ya shiga ruwa ya ɓace. Da idona na gani."

"Ba karama ba ce Baba, inji ne. Ganyen ɗoɗɗoya nake saye wurin masu lambun Tanghin, mu turara buhu guda mu samu mai bai fi cokali uku ba. Mu haɗa da ruwa da wani abu mai kama da sabulu, inji ya farfasa man ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana. In ka jera ɗari biyar ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Shi ake cewa nano-emilsiyon. Shi ya sa ba ya tasowa, shi ke nan."

"To ai kin faɗa da bakinki. Ƙanana ne, za su shiga inda wuƙa ba ta shiga."

"Wataƙila! Wataƙila, Baba, wata rana!"

"Da kunnena na ji kina gaya wa malaminki a waya, a potabul. Kika ce ya kashe saba'in cikin ɗari. Har tsalle kika yi a tsakar gidan nan. Ƙarya nake?"

Khairiyya ta yi tsallen, ba ƙarya.

"A faranti ne," ta faɗa a hankali. "Ƙwayoyin ciwon muke renowa a ɗan faranti na roba, mu ɗiga musu mu gani. Faranti ba mutum ba ne. Ko ruwan Javel na wanke ban ɗaki ka zuba musu za su mutu. Za ka ba Mma Javel?"

"Ke!" Gwaggo ta daka mata tsawa. "Ubanki kike gaya wa haka?"

"Yi haƙuri Baba. Amma ko ɓera ba mu gwada wa ba tukuna. Ban san abin da zai yi wa hanta ba, ban san abin da zai yi wa ƙoda ba. Nan da shekara goma ma ban sani ba ko zai zama magani."

"Shekara goma."

"Ko fi."

"Ku 'yan boko haka kuke. Allah ya ba ku abu, sai ku zauna a kai kuna jiran nasara ya sa muku hannu. Dubi uwarki. Dube ta mana! Za ta jira shekara goma?"

Nan ya taɓa ta inda ke mata ciwo. Ita ma ta sha yi wa kanta wannan tambayar a labo, tana kallon faranti hawaye na zubo mata. Don me ma ta zaɓi wannan binciken in ba don Mma ba? Wallahi ni kaina a nan ban iya ganin laifin Alhaji gaba ɗaya ba. Mutum ne aka ce masa za a yanke matarsa, sai ya buɗe firigo ya ga abin da 'yarsa ta yi wa tsalle.

Khairiyya ta juya ga Gwaggo.

"Matan zaure fa? Mil ɗari biyar ce kwalbar. Me kuke ɗura musu?"

Gwaggo ta karɓe da alfahari.

"Cokali ɗaya a bido. Yadda ake yi wa zamzam."

"Zamzam?"

"Shekarar da Yaya ya dawo daga Makka 'yar jarka ɗaya ya zo da ita, amma sai da ta zaga Zango kaf. A ɗiga a randa, duk randar ta zama shi. Kuma ko dala ba mu karɓa, sadaka ce, ladan naki ne."

"Gwaggo, magani ba zamzam ba ne!"

"Ai duk Allah ke sa albarka."

Khairiyya ta juya kwalbar a hannunta don ta ga nawa ya rage. Sai a lokacin ta karanta abin da ta rubuta a jiki da kyau. Ta ɗaga ta wajen hasken labule. Ta sake karantawa.

Ta sulale ta zauna a leda.

"Baba... kwalba bakwai ce a firigo. Me ya sa ka ɗauki wannan?"

Alhaji ya yi murmushi. An zo fagensa.

"Ɗaya bayan ɗaya na ɗaga su a rana. Shidan duk dishi-dishi suke, kamar nonon da aka tsinka da ruwa. Ba su gama tacewa ba. Wannan kuwa garau, babu ko gurɓi. A sana'ata mai in ya kai mai, haka yake. Ba sai na iya faransanci ba zan gane tatacce."

"Babu mai a cikinta."

"Na'am?"

"Babu mai, Baba. Ko ɗigo."

"Kar ki raina min hankali."

"C'est de l'eau, Baba, ruwa ne! Ruwa da ɗan sabulun nan kawai! Duk gwaji sai an ajiye ɗaya da babu komai a ciki, don a gwada da sauran a ga bambanci. Shidan da ka raina su ne masu man, man ne ya sa su dishi-dishi. Wannan fanko ce. Ita ka yi sati uku kana ba Mma."

Garwashi kawai ke ƙaras-ƙaras a kasko.

Alhaji ya miƙe ya fizge kwalbar. Ya buɗe murfin, ya kai hanci, ya lumshe ido yadda yake yi a shago in mutane sun kewaye shi.

"Ga ɗoɗɗoya nan. Ga ta nan ƙarara. Ni za ki gaya wa?"

Khairiyya ta kalle shi. Ta karɓi kwalbar ta shinshina.

Babu komai. Ko na ruwan randa ya fi shi ƙamshi.

Ta miƙa wa Gwaggo.

"Gwaggo, tsakaninki da Allah."

Gwaggo ta shinshina, ta sake, ta fara kame-kame.

"To ni dai... tun farko ban ji komai ba. Na ɗauka haka na zamani yake. Yaya ya ce da ƙamshi, in Yaya ya ce da ƙamshi ai ni wace ce?"

"Hancinku ne ya mutu!" Alhaji ya ɗaga murya. "Ku biyun! Ni Abdulganiyu, ni da ake kawo wa kaya daga..."

"Alhaji, ya isa."

Mma ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juya.

Ta dafa katifa tana son tashi. Khairiyya ta yi sauri ta tallabe ta, ta sa mata filo a baya.

"Ku rabu da shi. Ni na san ruwa ne."

"Mma?"

"Tun cokalin farko. Ɗoɗɗoyar da na girma ina tsinka a bayan gidan yaaba, kakata, ita zan kasa ganewa? Ruwa ne mai ɗan santsi."

"Kin sani? Kika yi ta sha? Kika bari ana ɗura wa mutane?"

"Na sani."

"Mais pourquoi, Mma? Don me?"

Mma mijinta take kallo, shi kuma yana kallon bango.

"Zalissa," ya ce, murya ta sauka. "Ko ruwa ne, ai Allah ya sa albarka. Kin samu sauƙi. Ke kika ce min ya fashe. Ciwo in ya fashe ai fita yake. Khairi, ya fashe da kansa tun wancan satin, mugun ruwan na ta fita. Ba sai an sa wuƙa ba."

Khairiyya ta ji kamar an watsa mata ruwan firigo a baya.

"Ya fashe? Mma, ya fashe?"

Mma ta numfasa.

"Ladidi."

"Na'am, Hajiya."

"Fitar min da kaskon nan. Duka biyun. Ki buɗe taga."

"Zalissa, bari mana," in ji Alhaji.

"Shekara shida ina bari. Yau kam a'a."

Gwaggo ta kwashe kasko ta kai waje, ta dawo ta tura taga. Iska mai zafi ta shigo, hayaƙin ya fara bin ta yana fita. Daga zaure ana jiyo hirar mata da dariyarsu.

Mma ta sauke zanen daga wuyanta. Ta sa hannu a cikin riga ta zare tsummokaran da ta naɗe ƙirjinta da su, ɗaya, biyu, uku, ta ajiye a gefen gado.

Sai warin ya taso.

Ba zan kwatanta muku ba. Wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwon ya sani, wanda bai taɓa ba Allah ya sa kada ya sani.

Gwaggo Ladidi ta toshe hanci da mayafi kafin ta ankara, sai kunya ta kama ta ta sauke, sai ta fashe da kuka. Khairiyya ta cije leɓe har ya yi jini. Ba sauro ba ne. Dama ba sauro ba ne.

Alhaji na tsaye a tsakiyar ɗaki, taku biyu tsakaninsa da gadon. Fuskarsa ko gezau.

"Alhaji," Mma ta ce. "Me kake ji?"

Da ya yi shiru da ya fi. Amma sabo ya riga shi. Ya ɗan ɗaga kai, ya ja iska, ya lumshe ido.

"Hawi ne. Da ɗan sandal a ƙasa."

Ya buɗe ido ya ga fuskar ƙanwarsa. Ya ga ta 'yarsa.

Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi a leda.

"Mene ne? Me kuke ji? Ladidi, me kuke ji?"

Gwaggo ta girgiza kai.

"Ruɓewa nake yi, Alhaji," in ji Mma. "Kwana tara ke nan. Kowa ya shigo ɗakin nan sai ya ji in babu kasko. Kai kaɗai ne kake kwana kusa da ni kana cewa alhamdulillahi."

Khairiyya ta juya ga ubanta.

"Baba... ba ka jin wari?"

Mma ce ta amsa masa.

"Ba wari ba ƙamshi. Kin tuna ranar da babur ya kayar da shi a hanyar Tanghin, kina ajin bak, na ƙarshen sakandare? Kansa ya bugu, ya yi kwana biyu a asibiti, kowa ya ce an auna arziki. Da ya dawo gida na soya masa albasa, ya ce yau ba a girki ne? Tun ranar."

"Shekara shida?"

"Shekara shida. Mai turare babu hanci, wa zai sake sayen ko ɗigo a wurinsa? Sai muka rufe. In kaya suka zo daga Kano ya kan ce zai kai gida su kwana a sa musu albarka. Ni nake shinshinawa. Mai kyau in ɗaura masa jan zare a wuya, mai haɗi in ɗaura baƙi. Da safe ya je shago ya lumshe ido, ya faɗi abin da zare ya ce."

Khairiyya ta tuna zarurrukan. Ta sha ganinsu a wuyan kwalabe, ta ɗauka kwalliya ce.

"To ranar da ya zo min da cokali," Mma ta ci gaba, "Ladidi na nan, matan maƙwabta biyu na nan. Ya buɗe ya ce ku ji ƙamshin ɗoɗɗoya. In ce masa me? In ce Alhaji babu komai a ciki? A gabansu? Kafin magariba duk Zango ta ji. Sai na buɗe baki na sha."

"Bayan sun tafi fa, Mma? Sati uku!"

Mma ta sunkuyar da kai. Karon farko muryarta ta karye.

"Bayan sun tafi... tsoro nake ji, Khairi. Tsoron wuƙar nake ji. Kuma nas ɗin can ta ce ƙarin ruwan da ake yi bayan aiki yakan canja wa wasu baki da hanci. Na ce in nawa ya tafi, nasa ya tafi, shagon fa? Sai ruwan nan ya zo min da sauƙi. Ina sha, kowa na murna, babu mai ce min asibiti."

Alhaji ya durƙushe a gaban gadon. Babban mutum, da farar shaddarsa, gwiwa biyu a leda. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanda ya fi ba.

"Zalissa, da kin gaya min. Wallahi da kin gaya min."

"Da ka tambaya. Kai kullum gaya mana kake yi."

"Shagon banza! A ƙone shi mana! Ni shago na aura?"

Ya kama hannunta ya kifa goshinsa a kai, kafaɗunsa na rawa. Khairiyya ba ta taɓa ganin hawayen ubanta ba, ko ranar da aka aiko da rasuwar mahaifiyarsa daga Kano. Ta kawar da kai.

Amma lokaci ba na kuka ba ne. Ta share fuska ta matso.

"Mma, saurare ni. Fashewa ba warkewa ba ce, ciwon ne ya ci fata. Amma likita ya ce in aka yi aikin cikin watan nan akwai fata sosai. Gobe ne. Ƙarfe bakwai na safe. Allah ya sa na dawo yau."

Mma ta kalli tsummokaran.

"Mma, don Allah. Ni zan shinshina masa kayan, ai hancinki na gado. Ki koya min zaren. Ni dai ki je."

"Za ki tsaya kusa da ni?"

"Har ƙofar ɗakin aikin. In sun bari har ciki."

Mma ta ja dogon numfashi.

"To. Zan je."

"Alhamdulillahi!" Gwaggo ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Bari in je in zubar da bidon can, in sallami bayin Allah."

"Tsaya Gwaggo, ni zan yi musu bayani da bakina, sunana aka kira. Mma, ina takardar randebu, ta ranar aikin? Shuɗiyar nan. In babu ita ba za su karɓe mu ba."

"Tana cikin kwalla ta ƙasa. Ƙarƙashin zanen Makka."

Khairiyya ta sauke kwallaye ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe ta ƙasan, ta ɗaga zanen. Ga ordonans na sayen magani, ga hoton ƙirji, ga katin asibiti.

"Mma, babu."

"Duba da kyau. Da hannuna na sa."

Ta zazzage kwallar a leda. Ta warware zanen ta kakkaɓe.

"Babu, Mma."

"Ikon Allah. To wa zai..."

Mma ta tsaya. Ta kalli kan da ke kife a hannunta.

Alhaji bai ɗago ba. Kukan ma ya tsaya cak.

"Yaya?" in ji Gwaggo.



"Baba, ina takardar?"

Da ƙyar muryar ta fito, kamar daga rijiya.

"Ranar Litinin na ɗauka. Tana barci."

"Ka kai ina?"

"Na mayar musu, can asibiti."

"Ka... me?"

"Na ce a gode wa likita. Na ce matata ta warke."

Khairiyya ta dafe ƙirji.

"Matar da ke rubutu ta tambaye ni sau uku. Ta ce Alhaji ka tabbata? Mutane wata huɗu suke jiran wannan gadon. Na ce na tabbata. Har na ce in tana da mara lafiya ta turo shi Zango."

"Baba, ce min ba ta soke ba. Ce min ta ajiye."

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa jawur.

"A gabana ta ja layi a kan sunan Zalissa. Ta rubuta na wata."

Daga tsakar gida aka yi sallama. Muryar dattijuwar nan ce, Fatu, ta gaji da jira ta biyo su har bakin labule.

"Doktoro, a taimaka a ɗura min nawa. Dapoya da nisa, kuma tun jiya na sa ƙanwata ta bar shan na asibiti."

*

Ni dai hannuna ya yi sanyi, nan na aje. Mai ganin laifin Alhaji ya faɗa, mai ganin na Mma ya faɗa, amma kada wanda ya zagar min Khairiyya, abin da ke kanta ya ishe ta.